Daga Gotar Nima Zuwa Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san abin da ke faruwa idan hadari ya haɗu da daddare. Da zarar an fara yayyafi sai ka ji ƙofofi na buɗewa, yara na fitowa da bokitai da buhunan shara, kowa na sauri ya kai bakin babbar kwatar nan da muke kira gota kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ni ma an aike ni, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A lokacin ba mu ɗauki abin laifi ba. Ruwa ne zai tafi da ita, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi inda zai kai ta ba.

Shekaru bayan haka, wata safiya ina gabatar da shiri a rediyo a kan tsadar cefane, sai wata baiwar Allah mai sayar da waakye ta bugo waya tana kukan cewa busasshen kifin da take haɗa shito da shi ya yi tsada, ga shi kuma ƙanana. Na ce ai teku ce ba ta da lafiya, kuma mu ma da hannunmu a ciki. Ban rufe baki ba wani dattijo ya bugo a fusace. Ya ce in gaya masa abin da ya haɗa ɗan Zango da teku, alhali kakanninmu fatake ne da mahauta da 'yan goro, babu masunci ko ɗaya a cikinsu. Na ce masa Baba ya yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Gaskiyar magana ita ce ba ni da cikakkiyar amsa a ranar. Wannan rubutu bashin amsar ne nake biya.

Mu fara da zuwanmu. Hausawa sun daɗe suna fataucin goro zuwa Gwanja, kasuwar Salaga ce matattararsu. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, kuma cikin sojojinsu har da Hausawan da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Ikko. Ƙarfin Asante a kan hanyoyin arewa ya karye, a 1877 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin ruwa. Abin da ya jawo su nan shi ne teku. Goron da a da ake ɗora wa jakuna a yi wata da watanni a hanya, sai ga shi ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Accra ba ta da tashar da babban jirgi zai matso, don haka jirage kan tsaya can nesa, matuƙa kwale-kwale su yi ta faɗa da igiyar ruwa suna kai musu kaya. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar Tema a 1962. Gishirin Ada da busasshen kifi kuwa ta kogin Volta suke hawa arewa. Ke nan arzikin da ya kafa Zangon farko, ya kuma kafa Sabon Zango na Malam Bako a farkon ƙarni na 20, ta kan ruwan gishiri ya bi.

Nima ta zo daga baya. A 1931 Malam Amadu Futa ya samu filin daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga, don kiwon shanun da ake kawowa kasuwar Accra. Daji ne a lokacin, da rafi yana ratsa shi, shanu na sha. Wannan rafin shi ne gotar yau. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aiki ya buɗe a sansanonin soja da ke kusa da filin jirgin sama, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa da Nijar da Mali da Togo da Najeriya, aka yi ta gini ba tsari, domin unguwar tana wajen iyakar hukumar gari, ba wanda ya shata mata titi ko magudana ko wurin zubar da shara. Mu kan ce sunan Nima daga ni'ima ya fito, mutanen Ga kuma su ce daga harshensu ne, wato garin sarki. Ko wanne ne daidai, mazauna sun sami kansu da rafi ɗaya tilo a matsayin juji da masai baki ɗaya.

Wanda bai taɓa bin gotar nan da ƙafa ba ya gwada. Ni na bi ta. Tana raba Nima da Maamobi, ta gangara ta wajen Asylum Down, ta faɗa kogin Odaw a kusa da Circle. Shi Odaw daga gindin duwatsun Akuapem ya taso, ya ratso Achimota da Alajo da Avenor yana kwasar abin da kowace unguwa ta ba shi. Daga Circle sai Agbogbloshie, sai tafkin Korle, sai teku. Tafiyar 'yan kilomitoci ce kawai. Buhun sharar da aka aike ni in jefa ina ɗan shekara goma, kafin a kira sallar asuba ya isa inda masuntan Jamestown da Chorkor ke jefa taru.

Tafkin Korle da muke toshe hanci idan mun zo wucewa, a da wurin neman abinci ne. Har zuwa wajen shekarun 1950 ana kama ƙarfasa da ƙaguwa a cikinsa. A al'adar Ga tafkin na da mai shi, Naa Korle, da bokan gargajiya da ake kira wulomo wanda ke kula da dokokinsa, har da lokacin da ake hana kamun kifi a ciki. Haka kuma masuntan gaɓar nan ba sa fita teku ranar Talata, dokar da har yau ake ji da ita. Mu Musulmi ba mu yi imani da abin da suka jingina dokar gare shi ba, amma duk mai hankali zai ga amfaninta: ruwa na hutawa, kifi na samun sararin hayayyafa. Mutumin Kano zai gane wannan labari da wuri, domin Jakara ma a tarihin Kano wuri ne mai alfarma tun zamanin su Barbushe, yau kuwa kowa ya san abin da ke gudana a cikinta.

Lalacewar Korle ba a dare ɗaya ta faru ba, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Bayan annobar da ta afka wa Accra a 1908, Turawa suka tsananta dokokin tsafta, amma tsaftar tasu ta kawar da ƙazanta daga idon masu mulki ce. Unguwanninsu na Ridge da Cantonments suka sami fili da iska. Sauran gari aka bar shi da masai na bokiti, wanda leburori, yawancinsu baƙi daga arewa da Laberiya, ke kwashewa da dare a kai. Ina ake kai shi? Bakin teku, dab da inda Korle ke shiga ruwan gishiri. Wurin ne mutanen gari suka yi wa laƙabi da Lavender Hill don zolaya, wato tudun furen ƙamshi. Da zamani ya canza, motocin kwasar masai suka gaji leburori, amma wurin juyewa bai canza ba. Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta umarci hukumar birnin Accra ta kawo ƙarshen masai na bokiti, kuma sai a ƙarshen 2016 aka buɗe masana'antar tace bahaya a wurin. Shekaru aru-aru na bahayar babban birni, ɗanya, a cikin ruwan da ake kamo mana abinci. Abin mamaki, a gefen wannan tafki ne Gwamna Guggisberg ya gina asibitin Korle Bu a 1923.

Akwai sunan da ke ba ni kunya da sha'awa a lokaci guda: Fadama. Kalmarmu ce. Kowane Bahaushe ya san fadama wuri ne da ruwa ke kwanciya, wurin shinkafa da rake da lambu. Mutanenmu da suka zauna a bakin Korle su suka raɗa wa wurin wannan suna, domin sun san abin da yake. A zamanin Nkrumah gwamnati ta tashe su don aikin yashe tafkin, aka mai da su Sabuwar Fadama, inda gidan Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu yake a yau. Amma Tsohuwar Fadama ba ta zauna fayau ba. A farkon shekarun 1990 aka kai kasuwar doya can, sannan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 ya koro dubban mutane daga arewa, suka sauka a wurin don ba su da inda ya fi. Aka yi ta cike fadamar da garin katako da shara ana kafa ɗakuna. Wurin da Allah ya yi don ya shanye ambaliya ya tace ruwa kafin ya shiga teku, sai ya koma unguwar dubban mutane da ba su da famfo ba su da masai. Su ma gari ne ya tura su, kamar yadda ya tura iyayenmu bakin gota.

Duk da haka, sharar da kakanninmu suka zubar mai ruɓewa ce. Kakata, Allah ya ji ƙanta, a ƙwarya take dama fura, a ƙoƙo ake shan koko, waakye kuma a faffaɗan ganye ake naɗe shi, ka ci ka yar, akuya ta cinye. Shi kansa sunan waakye daga wakenmu ya fito. A kan idona abin ya juye. Ina yaro ruwan sanyi a kofi ake sayar da shi, ko a ƙulle a farar leda, sai a shekarun 1990 ruwan leda da muke kira piya wata ya shigo, ya mamaye ko'ina. Ba zan zage shi ba, domin ya ceci mutane da yawa daga ruwan da ba shi da kyau a unguwannin da famfo ke yin kwana da kwanaki bai zo ba. Amma kowane rabin lita da aka sha ya bar leda ɗaya. Yau koko a leda, sukari a leda, ƙosai a leda, a haɗa duka a baƙar leda, kumallon mutum ɗaya leda huɗu. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana da gishiri su kan farfasa ta ne ƙanana-ƙanana, kifi ya haɗiye, kififiya ta ɗauka abinci ce.

Sai kuma sharar da ba mu muka yi ta ba. A kasuwar Kantamanto, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kimanin tufafin gwanjo miliyan 15 ke shigowa duk mako daga Turai da Amurka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke komawa. Mutanen nan na kiran gwanjo obroni wawu, wato Bature ya mutu. 'Yan matan da ke ɗaukar dilolin a ka, kayayei, rabin sunansu ma namu ne, kaya, ɗaya rabin na Ga. Jujin Kpone da ke karɓar da yawa daga wannan shara ya kama wuta a 2019. Abin da ba a ƙone ba ya bi Odaw. Na ga tsummokaran nan da idona a gaɓar Jamestown, sun murɗe da juna kamar igiyoyin jirgi, sun nutse cikin yashi, ƙarti uku ba sa iya jawo ɗaya. A Agbogbloshie kuma samari, yawancinsu 'yan arewa, sun yi shekaru suna ƙona wayoyin tsofaffin kwamfutoci da firji don cire jan ƙarfe, toka mai dalma na gangarawa cikin tafki. A 2013 cibiyar Blacksmith ta Amurka ta sa wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. A watan Yulin 2021 hukuma ta rushe shi, amma sana'ar watsuwa ta yi zuwa wasu unguwanni.

Ruwa ya yi mana gargaɗi sau biyu a jere. A 2014 kwalara ta kama mutane fiye da dubu ashirin a ƙasar, akasari a Accra, fiye da 200 suka rasu, abin da ya sa aka ƙirƙiro ranar tsafta ta ƙasa a Asabar ɗin farko ta kowane wata. Sai daren 3 ga Yunin 2015. Ina sabon shiga aiki a lokacin. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanu sun toshe da leda da yashi, Odaw ya cika ya tumbatsa, Circle ta zama tafki. Mutane suka fake a wani gidan mai, mai ya malalo a kan ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu, Shugaba Mahama ya ayyana makokin kwana uku. Washegari na tsaya a wurin da na'urar ɗaukar murya a hannu, na kasa yi wa kowa tambaya. Abin da nake kallo shi ne ledojin da suka maƙale a jikin kowace waya da kowane ƙarfe har sama da tsayina. Na san daga inda wasunsu suka taso. Bayan 'yan makonni aka rushe wani ɓangare na Tsohuwar Fadama, aka yi ta maganar hana leda, daga baya magana ta lafa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, mu muna nan muna shawara.

To amma in na ce sharar Zango ce ta ƙarar da kifin Ghana, na yi ƙarya, kuma dattijon nan zai yi daidai in ya sake bugowa. Babbar ɓarnar a can tsakiyar ruwa ake yin ta. Kifin da talaka ya dogara da shi, wanda masana ke kira sardinella, mu kuma muke saye a busashe da sunan amane, an kama tan dubu 135 da ɗoriya a 1996. A 2016 abin da aka kama bai kai tan dubu 30 ba. Dalilan sanannu ne. Kwale-kwale sun yi yawa tun da injin ya shigo a wajen 1960. Wasu masunta na kunna fitila da dare don tara kifi, wasu na amfani da nakiya da guba da taru mai ƙananan idanu da ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Sama da duka, an yi shekaru ana yin saiko: manyan jiragen da aka ba lasisin kama kifin ƙasan teku sai su kwashe ƙananan kifin masu kwale-kwale, su daskarar da shi kamar allo, su sayar a tsakiyar ruwa, a sauke a Elmina da Apam. Binciken ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta tan dubu 100 aka yi saiko da shi a 2017 kaɗai. EJF ta kuma gano cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na jiragen nan, ko da yake tutar Ghana suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021.

Gwamnati ta waiwayi dabarar mutanen da. A 2018 ta so rufe teku na wata guda, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, a 2021 kuma aka mai da hutun watan Yuli. Abin da wulomo ke yi da kalma ɗaya, yau sai an haɗa da sojan ruwa. A watan Afrilun 2021 kuma matattun kifaye suka cika gaɓar Osu, gomman dabbobin dolfin suka fito gaɓar Axim, har hukumar kula da abinci ta yi ta roƙon jama'a kada su ci. Wasu sun riga sun kwashe. A ƙasar da kusan kashi 60 cikin ɗari na abincin gina jiki da ake samu daga dabba kifi ne, wannan magana ce ta tukunyar kowa. Wani tsohon masunci a Jamestown ya nuna mini tarunsa bayan fitar dare guda. Shi da 'ya'yansa sun fi awa suna tsince leda da tsumma, kifin da ya rage bai cika kwano biyu ba, ga kuɗin mai yana jiransa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu a Zango mun iya lissafa na gwamnati, kuma muna da gaskiya: an bar mu shekara da shekaru ba motar shara, ba masai, sai lokacin zaɓe a tuna da mu. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na gyaran kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata. Haƙƙinmu ne mu bi sawun kuɗin nan, mu tambayi 'yan majalisarmu inda aka kwana, mu kuma tambaye su wa ke ba jiragen can lasisi. Amma buhun da ake jefawa a gota da daddare ba daga Sin ya zo ba. Mu ne masu alwala sau biyar a rana, mu ne muka san hukuncin ruwa mai tsarki da wanda ya canza launi ko ɗanɗano ko wari tun muna makarantar allo. Malamanmu sun san inda Suratur Rum ta haɗa tudu da teku a maganar ɓarnar ɗan Adam. Ina fatan in ji an yi huɗuba a kan gota kamar yadda ake yi a kan bashi da zumunci.

Akwai abin da ya fara motsi. Mata na tsintar ledar piya wata suna sayar wa masu narkawa a kan kilo. Wasu masu waakye sun koma ganye, kuma masu saye sun ce ya fi daɗi. Ƙungiyoyin samari na fitowa yashe kwata kafin damina. Ƙanana ne, amma da su za a fara: ka riƙe kwanonka in za ka sayen koko, ka biya mai keken shara maimakon ka jira hadari, ka hana a aiki yaronka inda aka aike ni.

Baba, in kana karanta wannan ko wani ya karanta maka, ga amsarka. Teku ce ta ɗauki goron kakanninmu ta mai da su masu gida a garin nan. Ita ke ba mu kifin da ke cikin shito da miyar tuwo. Bakinta yaranmu ke zuwa yawon Sallah. Kuma duk abin da ya bar hannunmu a gotar Nima, ita ke karɓa. Damina na tafe. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a daren 3 ga Yuni, ya sa kada mu sake ganin irinsa.